Inda Yaya Yake Ɗora Allura

Rasuwa ce ta kawo ni London. Matar yayana, wata Baturiya da a hoto kawai na san ta, ta yi doguwar jinya ta rasu, ta bar masa yarinya 'yar shekara shida. A gida Zariya manya suka zauna suka duba, suka ga ni ce ba ni da nauyin kowa a lokacin: na gama makaranta, aure bai zo ba tukuna. Na sauka cikin wani sanyi da ban taɓa jin irinsa ba, da akwati ɗaya wanda rabinsa kuka ce da kuɓewa da daddawa. A filin jirgi na tarar da Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yana riƙe da hannun wata yarinya da gashinta ya cukurkuɗe kamar bai taɓa ganin mataji ba.

Sunan marigayiya mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka babu mai kiran sunan a cikinmu. Yaya yana ce mata Uwata, ni ma na bi shi. Ita kuma aka koya mata ta ce mini Gwaggo. Ni kuwa Auta yake kira na tun ina rarrafe, har na yi furfura bai sauya ba.

A Edmonton yake zaune, wata unguwa a arewacin London, a wani dogon bene na council, wato hukumar gari. Aikinsa gyaran sigina a layin dogo, kusan irin aikin da mahaifinmu ya yi a Reluwe har ya tsufa. Mutum ne mai sallah a kan lokaci, ba ya shan komai sai shayi, ba shi da yawan abokai. Amma ranar da na fara shiga falonsa sai da na tsaya: bango guda, daga ƙasa har sama, faifan garmaho ne jere a kan kanta. Kusan dukkansu na kiɗan nan ne da Turawa suke kira rock, mai ganguna da jita da ihu. Ya ce tun shekararsa ta farko a ƙasar, yana ɗalibi ba shi da kowa, ya fara tsintar su a kasuwar 'yan gwanjo, da su ya koyi jin Turancin mutanen gari, wanda ba irin na aji ba ne.

Akwai guda ɗaya da ya fi so. Kwalinsa ya tsufa, gefunan sun yi laushi. Ranar Asabar ta farko da na yi a gidan ya ɗora shi, ni kuwa ina tsintar shinkafa. Ban daɗe ba na ce masa, "Yaya, wannan kuma mene ne? Kamar maƙera suna faɗa."

Ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinsa tun zuwana. Ya ce, "Auta, wannan ba tarin waƙoƙi ba ne. Labari ne guda ɗaya, daga farkon faifan har ƙarshensa. Shi ya sa ba a tsallake ko ɗaya. In kin tsallake, kamar kin katse wa mutum magana ne yana tsakiyar ba ki labari."

Ya zauna ya warware mini. Wai labarin wani ɗan masunci ne a wani ƙaramin gari na bakin teku, wanda ya raina sana'ar ubansa ya shiga jirgin ruwa, ya yi ta yawon birane yana samu yana rasawa, da ya waiwayi gida kuma ya tarar garin ya mutu, mutanen da ya sani duk sun watse. Kowace waƙa mataki ce a tafiyar. Na saurara don girmama shi, amma kunnena bai karɓa ba.

Sai a wajen ƙarshen gefe na farko gangunan suka ɗauke ɗif. Aka ji ƙarar ƙofar katako, sai piyano a hankali, kamar mai bugawa yana tsoron tada wani daga barci. Murya ɗaya ta namiji ta shigo ƙasa-ƙasa, can nesa kuma muryar mace tana kira, ba a jin abin da take cewa. Kafin in gyara zama abin ya ƙare, ganguna suka dawo da ƙarfinsu. Ko minti biyu bai cika ba.

Na ce, "Wannan fa? Me ya sa suka yi rowarsa?"

Ya ce a nan ne ɗan masuncin yake kwance a cikin jirgi, ya tuna yana yaro uwarsa tana kiransa daga bakin ruwa ya zo ya ci abinci. Ya ce masu faifan ba su ɗauke ta a bakin komai ba, gada ce kawai tsakanin manyan waƙoƙi biyu, ba a taɓa sa ta a rediyo ba.

Babban yaƙin da na tarar a gidan shi ne kan Uwata. Gashinta ya ɗauko cikar namu da santsin na uwarta, in an bar shi kwana biyu sai ya dunƙule. Na sa doka: duk Asabar da hantsi kitso. Yarinyar nan kuwa tana da zafin kai, musamman ta wajen ƙeya. Da na sa mataji sai ihu, tana shure-shure tana kiran babanta da Turanci, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga ɗaki ya fito, ya ce in yi a hankali, in ce masa ya fita mini daga ido.

Wata Asabar ana cikin wannan, faifan nan yana juyawa, sai aka iso gajeriyar waƙar. Yarinya ta yi tsit. Na ji wuyanta ya saki a hannuna. Na yi sauri na kama layi ɗaya na kitse. Da ganguna suka dawo ta ɗago kai ta dubi babanta, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce masa da Turanci ya sake sa ta.

Yaya ya tsaya yana kallon garmahon. Mutumin da ya ce ba a tsallake, ba a komawa baya. Na ga yana jayayya da kansa. Can ya durƙusa, ya ɗaga allurar garmahon da yatsa ɗaya, ya duba siraran zobban da suke raba waƙa da waƙa a jikin faifan, ya sauke ta daidai wurin. Ƙofar katako ta sake buɗewa.

Tun daga ranar haka kitsonmu ya koma. Ni a kan kujera, Uwata a ƙasa tsakanin ƙafafuna, Yaya a kan ɗan benci kusa da garmaho, waƙa ta ƙare ya ɗaga ya mayar, ta ƙare ya ɗaga ya mayar. Kitso abu ne mai cin lokaci, waƙar kuwa gajeriya, saboda haka Allah kaɗai ya san sau nawa na ji ta a rayuwata. Wurin ya gaji da allura har ya fara wani ƙas-ƙas kamar ana suya a maƙwabta, sauran faifan kuwa garau. Sai bayan an daɗe Yaya ya gaya mini cewa marigayiya matarsa takan rera waƙar ƙasa-ƙasa in tana yi wa yarinyar wanka. A tsaye ya faɗa, yana ɗaura takalmi zai tafi aiki, bai kalle ni ba.

Abu ɗaya muka yi ta saɓani a kai ni da shi. Turanci yake yi da ita, safe da yamma. Ni ina yi mata Hausa, tana gane na aike da na faɗa, ta amsa mini da Turanci. Na ce masa, "Yaya, yarinyar nan za ta tashi ba ta da bakin gaida danginta. Kai ne uba, in ka yi mata za ta ɗauka."

Ya ce, "Ta rasa uwa, Auta. Harshen nan shi ne abin da uwar ta bar mata. Ba zan raba ta da shi ba. Hausa tana nan, ba inda za ta."

Na yi ta maimaitawa har na gaji na bari.

Shekaru suka tafi. Na yi aure na koma unguwar Stratford, na haifi maza biyu, na samu aiki a wani kantin magani. Uwata ta girma ta zama doguwar mace mai kama da mahaifiyarmu a goshi da tafiya. Ta yi jami'a, ta karanci gashin ƙashi, ta samu aiki a asibitin wani gari can arewacin ƙasar. Da ta shiga jami'a ta rage gashinta, kitso ya ƙare. Garmahon ma wani abu ya lalace a cikinsa, Yaya ya yi ta cewa zai kai gyara, aka lulluɓe shi da zane aka ɗora masa tukunyar fure. Ya yi ritaya, yana zuwa masallaci, yana zuwa wurina cin tuwo ranar Lahadi. Ita kuma duk mako sai ta kira shi sun daɗe suna hira da dariya, da Turancinsu.

Wata rana da azahar ina wurin aiki aka kira ni a waya. Baturken da yake da kantin kayan miya a ƙasan benen su Yaya ne, sun daɗe da sanin juna. Ya ce in zo, ɗan'uwana yana kantinsa tun ɗazu yana yi masa magana da wani yare, ya yi masa Turanci kuma kamar bai ji ba. Na bar aiki na kama jirgin ƙasa. Na tarar da Yaya zaune a kan akwatin lemo, da silifas a wannan sanyin, an ba shi shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi yana riƙe da shi bai sha ba. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Yauwa, Auta. Tambayi mutumin nan, jirgin Ƙaura ya wuce? Baba ya ce in kai masa abinci tasha."

Mahaifinmu ya fi shekara talatin a ƙasa a lokacin.

Aka yi ta zuwa asibiti, aka yi hotuna da gwaje-gwaje. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ta ƙara da wani abu da ban taɓa ji ba. Ta ce wanda ya koyi wani harshe da girmansa, sau da yawa wannan harshen ne yake fara zubewa, mutum ya koma wa wanda ya sha a nono. Uwata tana zaune kusa da ni, ta zo daga garin da take aiki don wannan ganawar.

Haka kuwa aka yi. Ba rana ɗaya Turancin ya tafi ba. Da farko sunayen abubuwa ne suka ɓace masa, ya nuna cokali ya rasa me ake ce masa. Daga baya ya zama yana jin abin da aka faɗa amma ya amsa da Hausa. Daga baya kuma jin ma ya tafi, in an kunna talabijin sai ya ce a kashe, mutanen nan suna damunsa da surutu. Hausarsa kuwa sai ƙara kyau take yi. Tsohuwar Hausar Zazzau ta dawo bakinsa, da kalmomin da rabona da jin su tun kakarmu tana raye. In na je sai mu yi ta hirar unguwarmu, da mai ƙosan bakin tasha, da makarantar allo. Ni da shi hira ta ƙaru, shi da 'yarsa kuma waya ta koma shiru, ta yi magana ya miƙa wa duk wanda yake kusa.

Ta ajiye aikinta ta dawo Edmonton, ta koma ɗakinta na yarinta. Ni kuma kusan kullum in na tashi daga aiki sai na biya, na zama tafinta tsakanin uba da 'ya.

Ranar da ba na mantawa, ta dafa masa shinkafa da miya yadda na koya mata, ta kawo a faranti ta ajiye gabansa, ta ce masa da Turanci, Baba ga abinci. Ya ɗaga kai ya dube ta. Sai ya yunƙura ya miƙe tsaye, ya gyara hularsa, irin yadda yake yi in babban mutum ya shigo.

Ya ce, "Auta, baƙuwa muka yi ba ki gaya mini ba? Kawo mata ruwa mana. Daga asibiti aka turo ta?"

Na ce, "Yaya, Uwata ce fa."

Ya haɗe fuska. Ya ce, "Uwata tana Zariya. Ki daina irin wannan wasan, ba kyau."

Hausarta ba ta da yawa, amma ta isa ta gane wannan. Ta yi masa murmushi, ta ɗan russuna kamar yadda baƙuwa za ta yi, ta wuce kicin. Na zaunar da shi na bi ta. Na tarar tana wanke wata tukunya da take a wanke, tana ta dirza. Na tsaya a bakin ƙofa. Ba ta juyo ba ta ce mini da Turanci, "Gwaggo, ki koya mini. In baƙuwa zan zama, to in zama baƙuwar da yake jin maganarta."

Muka fara. Ba littafi, ba allo. A kicin muna yanka albasa, a waya ina cikin bas, a layin karɓar magani. Harshenta ya yi tauri, mace mai shekara talatin da wani abu. Ƙa da ka duk ɗaya ne a wurinta, ta ce wa babanta ke, ta ce mini kai. Shi kuwa abin ya zame masa abin nishaɗi. Yakan gyara mata da haƙuri, ya juyo ya ce mini, "Baturiyar nan tana da ƙoƙari. 'Yar mutunci ce. Iyayenta sun yi tarbiyya." Ni in fassara mata, ta yi dariya, ta fita baranda ta daɗe.

Abin da ya fi wahala shi ne la'asar. Da rana ta karkata sai hankalinsa ya tashi, ya fara neman takalmi da makulli, ya ce an tashi daga makaranta, 'yarsa tana can bakin ƙofa tana jira, ƙarama ce, ba ta da uwa, in ya makara kuka take yi. Ya kama hannun ƙofa yana jijjigawa. In ina nan ni nake lallashinsa. Amma ba kullum nake nan ba. Saboda haka jimla ta farko da Uwata ta haddace da kyau, ta yi ta maimaitawa har ta fita ba gargada, ita ce: "An ɗauko ta, Baba. Tana lafiya, ta ci abinci." In ta faɗa sai ya dube ta, ya saki ƙofar, ya ce, "To, madalla. Allah ya yi miki albarka." Kullum sai ta faɗa masa haka, ita da bakinta.

Ita ce ta tuno da waƙar. Ta nemo ta a wayarta, ta zauna kusa da shi ta kunna. Na ga yadda take kallon fuskarsa. Piyano ya shigo tas, ba ƙas-ƙas, ba komai. Yaya ya saurara kaɗan, ya ce mini, "Wayar baƙuwa tana ƙara, ta ɗauka mana." Shi ke nan. Ta kashe. Na ɗauka maganar ta mutu.

Ashe ba ta haƙura ba. Ta sauke tukunyar furen, ta naɗe garmahon a bargo, ta rungume shi a bas har wani shago can wajen Old Kent Road inda aka ce mata akwai mai gyaran irinsu. Bayan mako biyu ta dawo da shi. Ranar Asabar ce da hantsi, na zo da wainar da na soya. Ta zaro faifan daga tsohon kwalinsa, ta goge, ta ɗora daga farko, don ta tuna dokar babanta.

Ganguna suka fashe a falon. Yaya ya firgita, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, yana salati yana cewa su wane ne, me ya faru. Na daka mata tsawa na ce ta kashe. Ta taso da sauri, amma ya riga ta. Ban san yadda aka yi ba, mutumin da da ƙyar yake tashi daga kujera, sai ga shi durƙushe gaban garmahon. Na zaci ture shi zai yi. Sai ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga allurar. Falon ya yi shiru. Ya sunkuya yana duban faifan yana juyawa, ya kai hannu a hankali, ya sauke ta.

Ƙas-ƙas ɗin nan ya fara, sannan ƙofar katako, sannan piyano.

Bai koma kujerarsa ba. Ya jawo ɗan bencin da yake gefe ya zauna. Ya dube ni, ya dubi Uwata da take tsaye a tsakiyar falo kamar an dasa ta. Gashinta ya taru a watannin nan, ba ta da lokacin kanta, ta ɗaure shi kawai da ɗan ƙyalle.

Ya ce, "Auta, me kike jira? Ɗauko matajin. Dubi kan yarinyar nan."

Na shiga ɗakinta na samo mataji da man gashi. Na zauna a kujera. Na ce mata da Hausa, "Zo ki zauna." Ta zo ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, doguwar mace, gwiwoyinta sun kusa taɓa teburi. Na kwance ƙyallen na fara tsaga. Waƙar ta ƙare, kafin ganga ta farko ta sauka ya ɗaga allurar ya mayar. Ta sake ƙarewa ya sake mayarwa. Ina jin kafaɗunta suna motsi a jikin ƙafafuna, amma ba ta bari sauti ya fita ba.

Da na iso ƙeya sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "A hankali nan wurin. Nan ne yake mata zafi."

Na yi mata shuku, na daɗe ina yi, na ƙi sauri. Da na gama ya leƙo ya duba, ya ce ya yi kyau. Sannan ya ce yana jin barci. Muka kama shi muka kai shi ɗaki. Da la'asar ya farka ya nemi takalminsa zai je ɗauko 'yarsa daga makaranta, Uwata ta gaya masa an ɗauko ta.

Da za ta raka ni tashar bas ta tambaye ni, rabi Hausa rabi Turanci, ko ina ganin ya gane ta ɗazu. Na so in ce mata e. Amma ba yarinya ba ce, kuma aikin asibiti ta yi. Na ce, "Ban sani ba, Uwata. Abin da na gani da idona shi ne ya san inda yake miki ciwo." Ta gyaɗa kai. Muka tsaya har bas ɗina ya zo.

Mun sake yi wasu Asabar ɗin. Wani lokaci ya tashi ya zauna a bencin, wani lokaci ya kalle mu kawai. Daga baya hannunsa ya fara karkarwa, wata rana allurar ta zame ta ja dogon layi a faifan, ya tsorata da ƙarar, bai ƙara taɓa garmahon ba. Mu ma ba mu matsa masa ba.

Da jikin ya yi nauyi, ya fara faɗuwa, ɗagawa ta gagare mu mu biyu, dole aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Uwata ta yi ta yawo tana dubawa har ta samu wanda yake da ma'aikaci mai jin Hausa, wani magidanci ɗan Ghana, haifaffen zango, unguwar Hausawa a Kumasi. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk ya ne. Yaya ya ɗauke shi wani abokin aikin mahaifinmu ne, yana yi masa faɗa kullum: "Kai, ba a cewa mace ya zo. Ta zo." Mutumin ya yi dariya ya ce, "To Alhaji, na ji," gobe ya sake. Shi yake yi masa wanka da aski, shi yake juya masa gado ya fuskanci alƙibla. Allah ya saka masa da alheri.

A watannin ƙarshe Hausar ma ta fara raguwa. Ya koma kalma ɗaya-ɗaya, daga baya sai ido. Ranar da ya cika, da rana ne, ganyen bishiyoyi sun fara zuba, ni ina hanya a cikin jirgin ƙasa. Uwata ce a wurinsa. Ta gaya mini da ta ga numfashin ya sauya, duk Hausar da ta koya ta gudu daga kanta, Turanci kuma ba shi da amfani. Sai ta sunkuya a kunnensa ta fara karanta kalmar shahada, wadda shi ya koya mata tana ƙarama. Ta ce leɓɓansa sun motsa tare da nata. Ko da na iso an rufe masa fuska.

Aka yi masa sallah a masallacin da yake zuwa, aka kai shi maƙabartar Musulmi da take bayan gari. A gidana aka yi zaman makoki. Mata suka cika falo, 'yan Kano da 'yan Jos da 'yan zango, Uwata tana zaune a tsakiyarsu da mayafi, ana yi mata gaisuwa tana amsawa gwargwadon iyawarta. Bayan wata biyu muka kwashe kayan gidan muka mayar wa council makullinsu. Ta samu aiki a wani asibiti nan cikin London, ba ta yi nisa da ni ba.

Yanzu ni ma na haura sittin. Kwanakin baya ina wurin aiki wata mata ta tambaye ni wani abu, na buɗe baki kalmar Turancin ta ƙi zuwa, ta Hausar ce kawai a tsaye a kaina. Ba a jima ba ta dawo. Na je na ga likita, ya duba ni ya ce gajiya ce, kowa yana yi, ba dole ba ne abin da ya samu ɗan'uwa ya samu mutum. Na yarda da shi. Amma da na koma gida na tara 'ya'yana biyu, ƙattai masu gemu, waɗanda tun suna yara nake yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Na ce daga yau duk wanda ya yi mini Turanci a gidan nan ban ji ba.

Babban ya gane dalili, bai yi musu ba. Ƙaramin ya yi ta ƙorafi, wai na tsananta, wai lafiyata ƙalau. Na yi kamar da bango yake. Ya yi kwana biyu yana fushi, yana nuna abu da hannu in yana so. A rana ta uku ina kicin ya leƙo, ya daɗe a tsaye yana haɗa maganar a ransa, sannan ya ce, "Umma, ina yunwa."

Na ce, "Ina jin yunwa ake cewa. Sake faɗa."

Ya sake faɗa. Na zuba masa.